Mai Riƙon Kebur

Duk wanda ya je biki a Wara ko a tungayen bakin tafki cikin 'yan shekarun nan ya san teburin DJ Jabiru, ya kuma san mutum biyu ne a kansa. Ɗaya a tsaye, makirfo a baki, yana tsalle-tsalle sai ka ce ya taka garwashi. Wannan shi ne Jabiru. Ɗayan a zaune bisa kujerar roba a bayan tebur, cikin farar shadda da ta sha guga, da baƙin tabarau, hannunsa na dama a maƙale a ƙeyar miksa, na'urar haɗa sauti. Wannan yayansa ne, Zakari, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ya gani.

Ba da makanta aka haife shi ba. Zakari masunci ne ɗan masunci, irin waɗanda kan dubi ruwa da safe su gaya maka inda kifi ya kwana. Ciwon ido ya fara masa da hazo-hazo, aka yi na gida, aka yi na asibiti har Sakkwato, daga ƙarshe likita ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Ya dawo gida ya jingine filafilin tuƙa kwale-kwalensa. Mutanen Wara ba su da rowa, sai dai wani lokacin tausayinsu ya fi rowar ciwo. Wata Juma'a bayan an idar da salla, yana laluben takalminsa a ƙofar masallaci, wani bawan Allah ya kama hannunsa ya dunƙula masa kuɗi, ya ce ga sadaka. Zakari ya buɗe tafin hannu ya bar su suka zube ƙasa. Da ya iso gida ya rantse a gaban mahaifiyarsu, Inna, cewa ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci sadakar kowa ba. Daga ranar ya shige ɗaki. Damina ta zo ta wuce, mutum bai leƙo ƙofar gida ba. Jabiru kan kawo cefane ya miƙa wa matar yayan nasa, Mansura, a ɓoye kamar mai sayar da kayan sata.

Abin da ya fito da shi kuwa, wai lalacewar miksa. Jabiru na dawowa daga wani biki a tsallake, iska ta taso, igiyar ruwa ta mari kwale-kwalen, miksar ta yi wanka. Ya binne ta cikin buhun shinkafa yadda ake yi wa wayar hannu, ya shanya ta a rana, ta farfaɗo, amma da tabo. Ramin da ke bayanta, inda babban kebur ke shiga ya kai sauti ga sifikoki, ya yi sako-sako. In an danna, kiɗa ya fito garau. In an saki, sai ƙara kamar tsawa, ko kuma tsit. Ba abin da Jabiru bai gwada ba, salatif ne, robar tayar keke ce, tsinken ashana ne, duk a banza. Da ta ɗau zafi sai wurin dannawar ya sauya, ita dai yatsa mai rai take so. Shi kuma hannu biyu Allah ya ba shi, kuma duka suna da aiki a gaban miksar.

Yana zaune a tsakar gida yana zagin miksa da wanda ya ƙera ta, sai ya ji muryar Zakari daga ɗaki.

"Kai Jabiru, mi kaka yi wa kunnuwan mutane tun da sahe? Kawo abin nan in ji."

Ya kai masa, don dai kada ya ce an raina shi. Zakari ya shafa bayan miksar, ya kama kebur ɗin tsakanin babban yatsa da manuni, irin kamun da yake yi wa igiyar mamari mai jerin ƙugiyoyi in yana jiran kifi ya taɓa. Kiɗa ya fito. Can ya fara shaƙewa, Zakari ya ɗan murza, ya sake. Waƙa ta ƙare, wata ta shiga, ba ta yanke ba. Inna da ke tankaɗe a gindin turmi ta ajiye rariya ta zuba musu ido.

"Yaya, ina da biki ran Asabar," in ji Jabiru. "In ba ka zo ba, na shiga uku."

Zakari ya ce, "Aiki na, ko taimako?"

"Aiki na, Yaya. Da rabonka."

Haka aka fara. Samari suka sa masa Injiniya don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har dattawa suka kama. Mansura ta koma goge shadda tun ranar Alhamis. In mutum ya zo gaishe shi ana tsakar kiɗa, Zakari ba ya ba da hannu, sai dai ya gyaɗa kai ya ce a yi haƙuri, hannu na bisa aiki. In sun dawo gida sai ya yi ta ƙorafin yadda babban yatsansa ya sage, irin ƙorafin manomi da ciwon baya, wanda rabinsa alfahari ne. Shi da kansa yake kiran mai kifi a ƙofar gida ya yi ciniki, ya zaro kuɗin guminsa ya biya. Ya koma sallar Juma'a, kuma ba wanda ya sake dunƙula masa komai, don kowa ya san mutum ne mai sana'a. Jabiru ya fi kowa farin ciki. A ransa yakan ce, ashe ruwan da ya shiga miksar nan alheri ne ya shiga gidansu.

To, amma zamani riga ne. Wani DJ Sunday ya ɓullo daga Yawuri da sabuwar miksa mai fitilu ja da kore, wadda ke haɗa waƙa da waƙa ba ka jin inda aka ɗinke su. Samari kuwa ba su da alƙawari. Waɗanda jiya suke rantsuwa da Jabiru, yau su ne ke cewa kayansa na zamanin kakanni ne. Biki ya fara zamewa daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ita ma tsohuwar miksar ba ta rufa asiri ba, tsufa ya fara yi mata yawa, har yatsan Zakari ya soma kasa lallashinta.

Ranar da abin ya kai maƙura, a nan cikin Wara ne. An taho da amarya, mata na guɗa, ƙawaye sun jeru, Jabiru ya saki waƙar shigowa, sai tsit. Zakari ya murza dama, ya murza hagu, ya danna har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Wani wari ya taso kamar an ƙona roba. Kafin sautin ya dawo, amarya ta riga ta zauna a cikin shiru, kamar wadda aka kawo gaban alƙali. Wani yaro marar kunya ya ɗaga murya daga baya, wai Injiniya ya yi barci. Aka kwashe da dariya.

"Wallahi ban saki ba, Jabiru," in ji Zakari. "Ban saki ba."

"Na sani, Yaya. Ba kai na ba."

Washegari Jabiru ya ɗauki miksar ya shiga motar Yawuri, ya kai wa Shamsuddeen, mai gyara da sayar da kayan sauti a bakin kasuwa. Shamsuddeen ya kwance ta, ya leƙa, ya juyo da cikin don Jabiru ya gani. Duk ya yi kore da tsatsa.

"Wagga ta gama aiki, sai dai a yi mata sutura," in ji shi. "Ko kayan gyaranta an bar kawowa. Za ta ɗan ƙara ja, amma rana ɗai za ta kwanta maka gaban mutane, ba ta tashi."

Bai jira amsa ba, ya sauko da kwali daga kanta, ya zare sabuwa daga leda. Irin ta Sunday ce, har ma ta ɗara. Ya kunna, fitilu suka yi ta wasa. Ya nuna masa inda ake sa filas mai ɗauke da waƙoƙi, da maɓallin da ke daidaita bugun waƙa biyu da kansa, da wanda ke sa murya ta yi amo. Jabiru ya ɗora yatsa a kan majanyin sauti, ya ji yana tafiya sulɓi kamar an shafa masa man shanu. Ba zai yi ƙarya ba, ransa ya biya. Da Shamsuddeen ya faɗi kuɗin kuwa, sai da ya nemi benci ya zauna.

"To ta ci kuɗɗinta kuwa?" ya tambaya.

"Ni kaka tambaya? Tambayi bukukuwan da Sunday ya amshe maka bana. In kiɗi ya canza, rawa ma canzawa taka yi."

Jabiru ya juya miksar ya duba bayanta. Ramuka a jere, kowane gam. Ya yi ƙasa da murya.

"Ita wagga, ba ta bukatar mai riƙon kebur?"

Shamsuddeen ya yi dariya har da dukan kanta. "Riƙon mi? Kai ɗai ka ishe ta, da hannu guda ma. Ka huta da ɗaukar kowa."

Shi a ganinsa albishir ya yi. Jabiru ya mayar da tsohuwar cikin buhu ya kama hanyar gida da zuciya a jagule. Kuɗin ba su ne suka fi damunsa ba. Yana da ɗan bijimi da ya ba wani abokinsa Bafulatani kiwo a wajen Shanga, wanda yake tanadi don aurensa. In ya sayar ya haɗa da shinkafar da ya noma, za su kai. Aure ya jira, ba yau aka fara ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kujerar robar nan ta bayan tebur. In ya sayi sabuwa, me Zakari zai zo yi? In bai saya ba, sana'ar ta mutu, kujerar ma ta mutu tare da ita. Gaba kura, baya sayaki.

Ya yi ta jan ƙafa. Ya koma karɓar ƙananan sha'ani, suna da kamu, inda in sauti ya yanke ba mai tsine masa. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai canza kaya sai ya ce ana nan ana shiri. Ana cikin haka Hajiya Murjanatu ta aiko kiransa. Babbar mai fataucin busasshen kifi ce a Tungar Ɗanlami, can tsallaken tafki, kuma tun mahaifinsu Mamman na raye take sayen kifin gidansu. Autarta za ta aurar bayan kaka. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba.

"Jabiru, kai nika so, don ɗiyan Mamman ɗiyana na," ta ce masa. "Amma yaran ga sun tasa ni gaba, wai Sunday suka so. Na ce masu kai ma ka sai sabuwa. Kada ka maishe ni maƙaryaciya. In ba ka iyawa, hwaɗa min tun yanzu."

Bikin Hajiya Murjanatu ba ƙaramin biki ba ne. Duk tungayen gefen nan za su hallara, kuma wanda ya yi kiɗa a ranar shi zai ci bukukuwan rani gaba ɗaya. Jabiru ya ce mata in sha Allah.

Da ya dawo ya iske Inna a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa. Ya tsuguna ya zayyana mata komai, har da dariyar Shamsuddeen. Tsohuwa ta daɗe tana murza ɓawo a hannu.

"Ni mi zan ce, Jabiru? Ku biyu nag gare ni. In ka saya, guda ya koma ɗaki. In ba ka saya ba, dut mu koma ɗaki." Ta share ido da gefen mayafi. "Allah dai shi zaɓa muna abin da ya hi alheri."

Ba su san Zakari na zaune a bayan danga yana shan iska ba. Ƙarshen maganar kawai ya tsinta, amma ya gane a kan miksa ake. Ya laluba ya fito da sandarsa.

"Kai kuma mi kaka jira? Saya mana. Miksa ba ɗiyar mutum ba ta, in ta tsuhwa sai a canza. So kaka yi Sunday shi mai da mu 'yan kallo a garinmu?"

"Tsada ag gare ta, Yaya."

"Abu mai kyau ai ba shi araha. Mu dage da aiki, mu maida." Ya gyara tsayuwa, ya juyo da fuska daidai inda yake jin numfashin ƙaninsa. "Ita sabuwar, ina aka riƙonta? Baya, kamar wagga?"

Inna ta daina ɓarar gyaɗa. Jabiru ya dubi yayansa, ya ga babban yatsan nan da ya yi kanta yana shafa kan sanda. Gaskiya ta zo masa har baki, ya kasa furta ta. Tausayi ne ya kama shi, irin tausayin nan dai na mutanen Wara.

"Baya, Yaya. Dut haka suke. Ba a yi miksar da ba ta son mai riƙo ba."

"Ato," in ji Zakari, ya saki fuska. "Ni ma na ce."

Bijimi ya tafi kasuwa, shinkafa ta bi shi, sabuwar miksa ta iso Wara a cinyar Jabiru, a naɗe cikin bargo kamar jaririya. Ya haɗa ta a tsakar gida don gwaji. Kebur ɗin gaskiya ya shige raminsa ya kama gam, ba ya neman taimakon kowa. Sai Jabiru ya ɗauko tsohon kebur ɗin da hannun Zakari ya saba da shi, ya cusa bakinsa a wani rami na gefe da ba a amfani da shi, ɗaya bakin kuma ya zagaya da shi ƙarƙashin tebur ya ɗaure a ƙafa da roba. Inna na kallonsa. Da suka haɗa ido sai ta tashi ta shige madafa.

Zakari ya zauna, ya yi bismilla, ya kama. Kiɗa ya tashi, tas, har kajin gidan suka watse. Ya saurara, ya ɗan karkata kai.

"Ban ji tana motsi a hannuna ba. Waccan in ta ɗau zahi ina jin ta."

"Sabbin haka suke, ba su jan wuta," in ji Jabiru. Kuma da yake ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai, sai ya ƙara mata 'yar rakiya. "Amma kada ka kuskura ka saki tana kunne. Shamsuddeen ya ce in anka saki, ƙonewa taka yi nan take."

"Subhanallahi. Kuɗɗin bijimi guda?" Zakari ya ƙara damƙe kebur ɗin. "Kwantar da hankalinka. Ko kunama ta harbe ni ba ni saki."

Ranar biki suka shiga jirgin inji da hantsi. Tafki ya kwanta luf, masunta na jefa tarun birgi a gefen ciyawa. Zakari ya zauna a tsakiya cikin sabuwar shadda ruwan sararin sama, wadda ya sa aka ɗinka masa musamman, yana ba mai jirgi labarin sabuwar na'urarsu, da yadda take da tsada, da yadda sakaci kaɗan zai ƙone ta. Mai jirgi na ta jinjina kai. Jabiru ya rungume kwalin ya kau da fuska wajen ruwa. Kowace kalma ta yayansa sai ya ji ta kamar ƙaya.

An kafa rumfuna a fili gaban gidan Hajiya, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Bayan azahar aka ta da janareta. A faɗi gaskiya komai ɗacinta, miksar nan ta yi. Shamsuddeen bai yi ƙarya ba. Ganga na bugawa har cikin ƙirji, murya na fita garau, waƙa na shiga cikin waƙa ba tuntuɓe. Jabiru ya sa ta 'yan mata, ya juya zuwa ta ƙabilar Gungawa don dangin ango, tsofaffi suka miƙe, ya dawo ta zamani, fili ya rikice. Samarin da suka so Sunday su ne a gaba wajen tiƙar rawa. Tun kafin la'asar mutum ya fi nawa ya zo ya raɗa masa a kunne cewa shi ma yana da biki, kada ya ba kowa ranar. Jabiru ya manta da komai, ya koma Jabirunsa na da, yana tsalle yana kiran sunayen manyan mata. Zakari kuwa na bayan tebur, gumi na bin wuyansa, ya damƙe kebur ɗinsa, ko ruwa aka kawo masa sai dai a kafa masa kofi a baki.

Bayan an dawo daga sallar la'asar aka kira uwar amarya fili. Hajiya Murjanatu ta fito da zugar ƙawayenta 'yan kasuwar kifi, mata masu jiki, kowace da jaka a hammata. Aka shiga liƙi, aka yi ta matsowa, da'ira ta tsuke har ta iso bakin tebur. Wata daga cikinsu ta ja da baya da rawa, ta bangaji teburin da ƙugu. Tebur ya yi gaba, hannun Zakari ya tsaya inda yake. Kebur ya fita fit, ya bar rami.

Zakari ya zabura ya miƙe, kujera ta kife.

"Jabiru! Kashe ta! Kashe ta, ta hita! Wayyo Allah, na ƙone maka ita!"

Ihun ya shiga makirfo, na kusa suka juyo. Fuskarsa ta yamutse kamar ta wanda aka yi wa mutuwa, yana laluben ramin a iska.

Kiɗa kuwa bai ko yi tari ba. Ganga na ta bugawa, mata na ta guɗa. Waɗanda suka juyo suka ga ba komai, suka koma rawarsu.

Zakari ya tsaya cak. Bakin kebur na hannunsa, ba ya jone da komai. Ya karkata kunne wajen sifikar dama, ya karkata wajen ta hagu. Ya shinshina iska, ba warin ƙuna. Jabiru na tsaye taku biyu daga gare shi, makirfo a hannu. Ya so ya kashe sautin ko na ɗan lokaci ne, don ƙaryar ta samu abin tsayawa. Yatsansa har ya kai kan maɓalli. Amma Hajiya na tsakiyar fili, kuɗi na zuba, idon duniya na kansa. Bai kashe ba.

Yana kallo yayansa ya laluba ya ta da kujera ya zauna. Ya sa hannun hagu ya bi jikin kebur ɗin sannu a hankali, yadda yake bin igiyar mamari in zai ga abin da ta kamo. Ya bi shi ya gangara gefen tebur, ya sunkuya, ya shiga ƙarƙashi, har yatsunsa suka iso ƙafar tebur, suka taɓa robar da aka ɗaure. Ya shafa ta, ya sake shafawa. Ya daɗe a sunkuye.

Da ya ɗago, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya gyara tabarau, ya kakkaɓe gwiwar shaddarsa. Sannan ya laluba bayan miksar, ya samu ramin gefen nan, ya mayar da kebur ɗin, ya kama shi tsakanin babban yatsa da manuni. Haka ya riƙe shi har aka tashi.

Jabiru bai san yadda ya ƙarasa bikin ba. Baki na kiran sunaye, hannu na canza waƙa, amma zuciya ta yi baƙi ƙirin. Da ma Zakari ya zage shi, da ma ya yi jifa da kebur ɗin ya ce a mai da shi gida, da ya fi masa sauƙi. Amma ya zauna yana riƙon abin da ya san banza ne, a gaban jama'a, don kada a ce ƙaninsa ya yi ƙarya, don kada mutane su gane. Baƙin ciki da kunya suka taru suka danne Jabiru, har wata waƙar ya sa ta sau biyu bai lura ba.

Rana ta yi ja aka kashe janareta. Hajiya Murjanatu ta sa masa albarka a gaban mutane, ta ce ya fitar da ita kunya, ta haɗa su da kwandon busasshen kifi. Aka kwashi kaya zuwa bakin ruwa. Mai jirgi na jera sifikoki, Zakari na tsaye gefe a kan yashi da sandarsa, ya fuskanci tafki, iska na kaɗa masa riga.

Nan ne suka saba rabo, a bakin ruwa, kafin a shiga jirgi. Jabiru ya ware na yayansa kamar kullum, ya ma ƙara. Ya matso kusa da shi.

"Yaya..."

"Ta yi kyau, Jabiru," in ji Zakari a hankali. "Ta ci kuɗɗinta. Allah shi sa albarka."

"Yaya, ka saurare ni. Ni ban yi don..."

"Na sani."

Ba faɗa a muryarsa, ba gori. Jabiru ya miƙa kuɗin, yana fatan ma a ture hannunsa. Zakari ya ji motsin takardun. Jabiru ya san abin da yayansa yake tunawa: Mansura, da yara, da tukunyar gobe. Sai ya maƙale sandarsa a hammata, ya haɗa tafin hannu biyu ya tara, ya sunkuyar da kai, yadda makafin ƙofar masallaci ke yi.

"Allah shi ba da lada," ya ce. "Allah shi karɓa. Allah shi jiƙan mahaifa."

Mai jirgi ya ƙwala musu kira, wai su hanzarta kada magariba ta riske su a ruwa. Jabiru ya durƙushe a kan yashi ya toshe baki da hularsa, don kada yayansa ya ji kukan.